Yatsun Maginiya a Bakin Ɗan Fari

Zauna, Sallau, ka daina murza hular nan. Tun da ka shigo kake jera mini waɗanda kake zargin sun ɗaure wa 'yarka baki: maƙwabciya, mai ƙosai, har matarka ba ka ƙyale ba. Bari in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani manomi, matarsa maginiyar tukwane ce, Allah ya ba su ɗan fari namiji. Yaro ya yi rarrafe, ya yi tafiya, sa'o'insa har sun fara zagi, shi ko "Inna" babu. Kuma ba kurma ba ne. Ka ce ya ɗauko buta, zai ɗauko. Amma in ya zo magana sai ka ga leɓe na lalube, jijiyar wuya ta tashi, abin da ya fito yau daban, na gobe daban, ƙarshe ya zube ƙasa yana kuka don haushi. Wanzami ya ɗaga harshe ya ce babu abin yankawa. A asibitin birni aka ce kunne lafiya, hankali lafiya, bakin ne ba ya bin abin da yaron ke nufi, sai a riƙa zama da shi fuska da fuska kullum, yana kallon leɓe, ana maimaitawa. Manomi ya ce wannan zancen waɗanda ba su san duniya ba ne, da hannu a ciki. Daga ranar kowa ya zama abin tuhuma. Wadda ta yaba yaron ran suna, ita ce. Wanda ya ba shi rake a hanya, shi ne. Ya sayar da akuya ya sayar da tunkiya, layu suka cika wuyan yaro, baki dai shiru.

To ka san kunyar ɗan fari. Matar nan ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle ga surukarta zaune a tsakar gida tana kallon kowa ta wutsiyar ido. Sai manomi ya lura da wani abu. Matar da ko kallon yaron ba ta yi a gida, kullum da hantsi sai ta ja shi zuwa ramin yumɓu a bayan gari. Ta daɗe, ta dawo da ƙasa 'yar kaɗan, leɓen yaro na danƙo. Ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Zuciyarsa ta ce masa ai ga ta nan, ɓarawon yana cikin gida. Wata rana ya bi sawunta ya laɓe a bayan wata kuka. Ya hango ta durƙushe, ta sa yatsu biyu ta matse leɓen yaron, bakinta na motsi, ta shafa masa wani abu, sannan ta kifa kansa a bakin sabuwar tukunya. Wallahi bai tsaya ya ƙara gani ba. Ya fito ya fizge ɗansa, ya sa ƙafa ya fasa tukunyar. A gida, gaban tasa uwar, ya ce matar ta faɗi abin da take yi. Ina za ta iya buɗe baki gaban suruka ta ce wasa take da ɗan fari? Hawaye kawai ta yi, shi kuwa ya ce shirun nan shi ne shaida. Washegari ya kai yaron wani ƙauye wajen yayarsa, ya ce a raba shi da uwar.

Sai bayan kaka ya je duba shi. Ya tarar yaro ya yi ƙiba, yayar na ta yabonsa wai ba shi da rigima, yanzu ko uffan ba ya cewa, nuni kawai yake da hannu. Da yaron ya ga ubansa sai ya rugo, ya kamo yatsunsa biyu, ya ɗora a kan leɓensa, ya matse kamar yadda uwar ke yi masa. Ya cika kumatu, ya buɗe, iska ce kawai ta fito. Ya sake, ya sake, ido ya kawo ruwa. Can da ƙyar wani ɗan "ba" ya faɗo, na biyun ya ƙi zuwa. Nan manomi ya gane. Ashe abin da matar ke koya masa ke nan. Danƙon leɓe zuma ce, don ya lasa harshe ya motsa. Tukunyar kuwa don ya ji muryarsa ta dawo masa ne, ya ji daɗi ya sake. Ita da ba ta iya kiran sunan ɗanta, "Baba" take dasa masa a baki, saura kaɗan, uban ya zo ya tumɓuke. Ya goya yaron ya kamo hanya, kunya ta hana shi ɗaga kai. An koma ramin yumɓu, amma daga farko aka sake, kuma watannin da suka tafi babu mai dawo da su.

Saboda haka kafin ka sake nuna wani da yatsa, koma gida ka duba wa ke zama gaban yarinyar nan, ka je ka zauna kusa da ita. Mutumin nan ya zaga gari yana neman magani, maganin kuwa na dafa masa tuwo. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.