Ɗigon Mai a Bayan Taya

Ni ce 'yar fari, don haka Baba ba ya kiran sunana, ni ma ba na yi masa magana sai ta bakin Inna.

Wata rana da la'asar ya ɗauko ni daga makaranta a tsohuwar motarsa ta dakon doya. A Zuba ya tsaya gaisawa da wasu dattawa. Na sunkuya gyara takalmina, sai na ga mai yana ɗiga ta bayan taya, ya yi tabo a ƙasa kamar faɗin kwabo. Na dangwala na shinshina, wani wari mai kaifi. Na ɗago, Baba na ta dariya da mutane. Kunya ta rufe mini baki.

A gangaren Dutsen Zuma na ga ƙafarsa ta taka birki har ƙasa. Ya sake takawa, motar ba ta saurara ba. Ga shanu suna tsallaka hanya, ga wata Bafulatana da ƙwarya a ka. Yana salati ya karkata cikin gonar dawa, kara na dukan gilashi har muka tsaya.

"Na ga mai yana ɗiga tun a Zuba," na ce.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya kira sunana, karo na farko a rayuwata.

"In kin ga mai a taya, ko liman nake gaisarwa, ki katse ni."

Har yau ba na shiga mota sai na leƙa ƙarƙashinta.