Wankan Ɗan Fari

Ruwan ya yi zafi da yawa. Aina'u ta sirka da na randa, ta taɓa, ta sake sirkawa. Uwar mijinta, Hajiya Ramlat, tana zaune a kujera 'yar tsugunno, gyale a kafaɗa, kayan jaririn a ƙulle a gefenta.

An yi arba'in, mahaifiyar Aina'u da ta zo wankan jego ta koma Makoda. Nan take Hajiya ta yanke hukunci: jikanta Munir zai bi ta Gezawa ya sha madarar gwangwani, don ba za ta bar shi wurin mace irin Aina'u ba. Mijin kuwa, Zaharaddini, wanda ke saɓa buhun dawa a kasuwar Dawanau ko nishi babu, ya kasa ɗaga ido a gaban uwarsa. Iyakar abin da ya iya roƙowa shi ne a bar Aina'u ta yi wa yaron wanka sau ɗaya, a gani.

Ga shi Munir ɗan farinta ne. Kunya ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. Nono na zuba yana jiƙa mata riga.

Wani likita a Kano ya taɓa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, ya ce ƙwaƙwalwa kamar gonakin ƙauyensu take, ba a barin fili ya kwanta. In mai shi bai zo ba, maƙwabci ya nome. Ta so ta faɗa wa Hajiya haka. To amma wa ke yi wa suruka bayanin likita?

Ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma, ta jawo baho. Ta wanke wa Munir kai, ta bi bayan kunne, ta bi lungun wuya inda datti ke maƙalewa. Yaron ko uhum bai ce ba.

"A'a, raina ba zai iya kallon wannan ba," in ji Hajiya. "Bari in karɓe shi."

Ta sunkuyo ta ɗaga shi, jikinsa duk kumfar sabulu. Munir ya banƙare, ya suɓuce mata, kansa ya nufi dutsen murhu.

Bai kai ba. Kafin Hajiya ta ƙarasa salati Aina'u ta cafe shi, ƙeya a tallabe, ta kwantar da shi a kan zaninta.

Hajiya ta daɗe tana kallon hannayenta biyu, lafiyayyu.

"Ɗauraye shi, kar sanyi ya kama shi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni kaɗai zan bi motar la'asar."

Hawaye ya zubo wa Aina'u, ta goge da kafaɗa. Sannan ta sa yatsun ƙafa ta ɗauki kofin ruwa kamar kullum, don ita tun da ta zo duniya ba ta da hannu ko ɗaya.