Yatsa Biyu

"Ta sake gogar ƙasa," na ce wa makanike. Karo na uku ke nan ina dawo masa da motar.

Ya shiga ƙarƙashi, ya sassauta sabuwar salansar, ya canja robar da ke riƙe ta, ya ɗaga ta yatsa biyu. "In na ƙara, sai ta gasa maka kujera."

Kwana biyu lafiya lau. A na uku, ina hawa tudun simintin bakin get ɗinmu, ta sake kartar ƙasa.

Makanike ya fusata. Ya ɗauki tef ɗin awo, muka bar motar a gareji, muka hau babur ɗinsa don ya je ya ga tudun da idonsa.

Sai ga Baba, mahaifina, tsohon magini da likita ya hana shan zaƙi, tsugune yana shafa wa tudun sabon siminti.

"Baba, me ke nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Tsohuwar salansarka tun daga bakin layi nake jin ta, in ɓoye gwangwanin sukarina. Wannan kuwa, in ba ta karci tudun nan ba, sai dai in gan ka a kaina."

Ya dubi makanike. "Yau yatsa nawa za ka ɗaga? Kada in yi asarar siminti."