Sifikar da Dogo Ya Zaɓa

Sifika ta huɗu ke nan Injiniya, mai shagon gyaran kayan sauti, ya ɗaura wa tsohuwar amfilifayar Dogo, amma Dogo bai ko kai ƙarshen kiɗan ba ya girgiza kai.

Amfilifayar irin ta da ce, mai ƙwayayen gilashi da sai sun yi ja kafin sauti ya fito. Injiniya da kansa ya sauya mata tiransifoma, ya ƙara mata ƙarfi, zamanin da Dogo ke kaɗa jita a gidajen biki, matarsa na riƙe da makirufo. Ƙarfin nan ne ya ci tsohuwar sifikar a hankali har ta yage.

Tun safe Injiniya ya kasa zama. Ya kwance, ya ɗaura, ya leƙa shagon maƙwabci ya aro wata, ya ƙone yatsa da ƙarfen dalma. Daga ƙarshe ya ɗauko wadda ya daɗe yana ɓoyewa, mai sauti garau kamar ƙararrawa. Ko masu wucewa sai da suka tsaya a bakin ƙofa.

Dogo ya cire takalmi, ya tsaya a kan katakon daɓen, ya buga jita, ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin amfilifayar.

"Ba ita ba ce, Injiniya."

Zargi ya shiga ran Injiniya, ko kunnen Dogo ne ya fara taɓuwa. Ya zagaya bayansa, ya saki ƙaramar ƙusa a ƙasa. Nan take Dogo ya waiwaya. Ashe kunnen mutumin ras yake, rigima ce kawai irin ta tsofaffin makaɗa.

Can sai Dogo ya nuna wata ƙatuwar sifika da ke ƙarƙashin benci, ƙura ta lulluɓe ta, mayen ƙarfenta ya kai faranti. Injiniya ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce za ta jure ƙarfin, amma ba don jita irin tasa aka yi ta ba, za ta haɗiye duk siraran sautukan da aka san shi da su. Kuma sai an faɗaɗa ramin allon gaba, katakon asali, wanda in an yanka babu gyara.

"Yanka," in ji Dogo.

Injiniya ya yanka, ransa a ɓace. Da aka kunna, sautin ya fito kamar ana magana daga cikin randa. Sukundireba ta fara tafiya da kanta a kan benci, gilashin taga na rawa. Dogo ya sake taɓa akwatin, a karon farko ya yi murmushi.

Nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, dole Injiniya ya kama masa har gida, yana gunaguni a matakalar bene. A falo matar Dogo na zaune ta fuskanci taga. Injiniya ya ce, "Uwargida, barka da gida." Ba ta juyo ba. Ya ɗauka ita ma ta gaji da shiriritar mijin ne.

Dogo ya ja amfilifayar har gabanta, ya kama hannuwanta ya shimfiɗa a kan katakon. Ya jira ƙwayayen suka yi ja, ya buga jita. Kafaɗarta ta motsa. Da kiɗan ya zagayo, ta buɗe baki ta shiga waƙa, daidai inda ta saba shiga.

'Yarsu, wadda ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta dafa bango, ta ce wa Injiniya a hankali, "Kawu, tun da zazzaɓin bara ya tafi da jinta, yau ne muka fara jin muryarta."