Lamba Talatin Da Ɗaya

Barira ta zube a kan benci, dafe da ƙirji, gumi na karyo mata. Tun daga Damri nake tallafe da ita a mota. Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa jin ta yi nishi irin na yau ba.

A asibitin nan na'ura ke jera marasa lafiya. Ka faɗa mata abin da ke damunka, ita ta zaɓi mai fara ganin likita. Na faɗa mata gaskiya: ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa. Ta tofo takarda, lamba talatin da ɗaya.

Na durƙusa gaban malamar asibiti. "Ɗiyata, dubi Allah ki duba ta."

"Baba, doka ta hana mu taɓa layi, don maganin alfarma. Mutum talatin ɗin nan duk ciwon ƙirji suka ce."

Na waiwaya. Ga Hashimu mahauci riƙe da lamba biyu, yana ɓarar gyaɗa, ɗan yanka ne kawai a yatsansa.

"Hashimu, don girman Allah mu yi musaya."

"Da hotona a takardar, Baba Gwadabe. Na'urar ba ta yarda."

"To mi ya kai ka ce mata ƙirji, kai da yatsa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ai kai ka koya mana a kara, wurin cinikin shanu, ranar Talata. Ka ce wanda ya ce ƙirji ba ya zaman layi."

Aka kira lamba biyu.