Kwamfutar da Ta Iya Barci

Kai da kake yaba kaya tun suna kan teburin mai su, matso ka ji wannan. An yi wani mutum, sana'arsa zana ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan abin nan da bai wuce faɗin farce ba, wanda shi ke yin duk lissafin da ke ciki. Wata rana wata Hajiya mai kula da ungozomomin ƙauyukan bakin kogi ta zo da buƙata. Kwamfuta take so marar nauyi, wadda mace za ta rataya a kafaɗa ta shiga kwalekwale, ta jona mata abin duba ciki ta ga kwanciyar jariri. Can kuwa babu lantarki, cajin da aka fita da shi da safe shi ne guzuri har a dawo. Masu sana'ar biyu ta kira, ta ce wanda kwamfutarsa ta fi, shi za ta ba aikin. Mutumin namu ya san in wannan ya kuɓuce masa sai dai ya rufe wurin aikinsa ya sallami mutanensa, don an daɗe ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

To, al'adar masu wannan sana'a tsere ce. A jera kwamfutoci cikin ɗaki mai sanyi, kowace da wayarta a jikin bango tana shan wuta iya cikinta, a ba su lissafi mai wuya, wadda ta riga gamawa ita ce gwana. Shi ma da haka ya tashi, da haka kuma ya fara. Sai ran nan ya dawo daga salla, ya ɗora hannu a kan wadda yake gwadawa, ya ji ta da ɗumi kamar marfin tukunya, alhali ba wanda ya taɓa ta tun fitarsa. Abin ya tsaya masa a rai. Me take ci haka, ita da ba a sa ta komai ba? Shi kuwa irin mutanen nan ne da in suka ga tururuwa da ƙwayar gero sai sun bi ta har rami. Ya ɗauko ma'auni ya bi ƙwaƙwalwar lungu-lungu, abin da ya tarar har dariya ya ba shi. Ashe yawancin yininta jira take yi. Tsakanin danna yatsa ɗaya da na gaba, a wurinta kamar daga wannan kasuwa ne zuwa mai zuwa, amma duk sassanta suna tsaye ido buɗe, kamar gidan da aka hura kowane murhu don dama kunun mutum ɗaya. Wutar da ake ɓarnatarwa ita ke zama zafi, zafi ya sa a saka fanka, fanka ta nemi babban batir, nauyin batir kuwa a kafaɗar ungozoma zai sauka.

Sai ya sake zane. Ya kasa ƙwaƙwalwar ɗaki-ɗaki, ya bar ƙarami guda a farke kamar mai gadi, sauran su kwanta sai aiki mai nauyi ya zo a tashe su, da sun gama su koma barci. Ya rage mata gudu, ya cire fanka gaba ɗaya. Ranar tsere, ta abokin karawarsa ta gama tun tasa ba ta kai rabi ba. Aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Malam, kunkuru ka kawo mana?" Shi kansa bai da tabbacin ya yi daidai. Mai nasara ya gyara zama yana jiran a ƙulla ciniki, sai Hajiya ta ce, "Alhaji, kada ka yi saurin gyara hula. Matana ba a ɗakin nan suke haihuwa ba. A zare wayoyin, gobe mu shiga ruwa."

Washegari suka hau kwalekwale da ungozoma da kwamfutocin biyu. A ƙauyen farko mai saurin nan ta yi abin kallo, kafin ƙiftawar ido hoto ya fito, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Ta mutumin namu sai ta ɗan yi miƙa tukuna. Aka ci gaba, ƙauye bayan ƙauye, shi dai idonsa na kan alamar batir kamar mai gadin rumbu. Kafin azahar mai saurin ta yi zafi ba ta ɗoruwa a cinya, ana tsakar duba wata mata sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Rana ta karkata sannan suka isa ƙauyen ƙarshe, inda wata mai tsohon ciki take jira tun hantsi. Ungozoma ta jona abin duba ciki a kwamfutar mutumin namu, shi yana daga waje yana jira. Can sai ya ji ta tana kiran mai kwalekwale, hoto ya fito, jaririn a gicciye yake, a wuce da matar asibiti tun naƙuda ba ta taso ba.

Hajiya ba ta yabe shi ba, wanda ya iya saye ba ya yabon kaya a gaban mai su. Ta dai juya kwamfutar a hannu, ta taɓe baki, ta ce, "Malam, taka zan ɗauka. Amma kowa ya shaida ba ta da sauri, don haka sai ka rage mini."

Shi ya sa Hausawa suka ce, tafiya sannu sannu kwana nesa.