Harbi Uku na Dell

Lorene na juya wake a sansanin farauta ta ji harbin mijinta Dell daga kan dutse. Can ta ji na biyu, can kuma na uku.

"Yayanka ya tsufa, Harlan," ta ce tana dariya. "Ƙatuwar barewar elk guda, har sau uku?"

"Yau dai wake zai ci," in ji Harlan.

Bayan kwana biyu aka tsinci Dell a kwazazzabo, ƙafa a karye, sanyi ya kashe shi.

Kowane maharbi ya san harbi uku a jere da sauri neman ceto ne. Sai da Harlan ya miƙo mata bindigar Dell ta tuna ta toka ce, kowane harbi sai an sake ɗura albarushi.

Iya saurinsa ke nan.